Gwaggo Murya da Layi Guda na Saman Wasiƙa

Ranar Laraba da hantsi, duk wanda ya hau matakalar ofishin ƙungiyarmu zai ji ta kafin ya gan ta. Ɗaki ne guda a saman shagon masu gyaran waya, da tebur biyu, da fanka mai kuka, da kwamfutar da sai an lallashe ta take tashi. Gwaggo Murya takan iso da jakarta da filas ɗin shayinta, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta ce mini, "'Yar Sifana, karanto." Ni kuwa in karanto mata wasiƙar makon tun daga sallama har ƙarshe, tana lumshe da ido tana kaɗa ƙafa. Idan na gama sai ka ɗauka barci ya sace ta. Can sai ta miƙe, ta fuskanci taga, ta faɗi jimla guda da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren titi. In ba ta yi mata daɗi a baki ba, ta ce, "A'a, wannan ba za ta ɗago kan kowa ba," ta sake wata. Masu gyaran waya sun saba da ita, har wani lokaci ɗayansu yakan leƙo ya ce, "Gwaggo, wallahi ta farkon ta fi."

Aikinta ke nan, layi guda. Shi ne taken saƙo, layin nan da kake gani a wayarka kafin ka buɗe imel, wanda a kansa kake yanke shawarar ka buɗe ko ka goge. Ni nake haɗa labaran wasiƙar, in buga, in gyara, in sa hotuna, kwana da kwanaki ina fama. Ita kuma ta zo ta ɗora mata kalmomin da ba su cika tafin hannu ba. Amma na daɗe da yarda cewa in babu nata, nawa aikin banza ne, don wasiƙar da ba a buɗe ba daidai take da wadda ba a rubuta ba.

Wasiƙar ta tsofaffin ma'aikatan masaƙa ce. An rufe masaƙar tun ina budurwa, mutanenta suka watse, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka bi 'ya'yansu ƙasashen da ba su taɓa mafarkin gani ba. Abin da ya rage yana haɗa su shi ne wannan saƙo na mako mako, wanda jikoki suka koya musu buɗewa a waya. Ginin masaƙar yana nan, tagoginsa sun farfashe, ciyawa ta cinye wurin ajiye kekuna. Duk lokacin da na wuce ta wajen sai in ji kamar zan ga Babana ya fito cikin rigar aikinsa mai baƙin mai, yana kaɗe auduga daga gashin kansa.

A zamanin da injina ke ruri, Gwaggo Murya ce mai sanarwa. Tana da ɗan ɗaki na gilashi a saman zauren saƙa, da lasifika a gabanta. Daga nan take kiran wanda aka yi wa baƙo a ƙofa, da wanda matarsa ta haihu, da makanikin da ake nema. Daga nan sunan ya samo asali, har yau da yawa ba su san sunanta na yanka ba. Ta taɓa gaya mini cewa a can ta koyi duk abin da ta sani. "Mutum yana tsaye gaban inji, ƙara ta cika masa kunne, idonsa na kan zare. Numfashi ɗaya kike da shi ki ɗago kansa. In kika fara da 'ana sanar da jama'a cewa', ya riga ya tafi. Waya ma haka take, 'yata. Ƙarar ce dai ta koma cikin aljihu."

Ba ita ta fara rubuta taken ba. Sakataren ƙungiya ne, dattijo mai mutunci, tsohon ma'aikacin ɗakin rini. Shi a ganinsa babu labarin da ya isa ya sha gaban mamaci, saboda haka duk makon da aka yi rashi, sunan mamacin ne a take. Girmamawa yake nufi, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Sai dai ƙungiyar tsofaffi ce, rashi ba ya yankewa. A hankali wayar kowa ta zama mai kawo mugun labari ranar Laraba. Tsoho ya ji ta yi ƙara gabansa ya faɗi. Sai mutane suka fara gogewa ba tare da sun buɗe ba, labarin aure da na haihuwa da hotunan jikoki duk suna ciki ba mai gani. Har an fara maganar a daina wasiƙar, tunda ba a karantawa.

A wani zama ne Gwaggo Murya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Sakatare, Allah ya saka maka, ka riƙe mana matattunmu da daraja. Amma rayayyun fa? Ka ba ni layin saman nan in gwada." Shi kuwa ya yi dariya ya ce dama ya gaji da zama mai shelar mutuwa, ta ɗauka da albarka.

Take na farko da ta rubuta har yau ana tuna shi: "Wa ya tuna kyanwar ɗakin rini?" A ciki akwai tsohon hoton kyanwar nan da ta faɗa cikin baho ta fito shuɗiya, ta yi wata guda tana yawo a haka. Kafin la'asar amsoshi sun cika akwatinmu. Wani ya ce shi ya tsamo ta, wani ya ce ƙarya ne, shi ne, wata ta ce ai ba shuɗiya ba ce, koriya ce. Mutanen da muka ɗauka sun manta da mu suka dawo suna musu a kan kyanwar da ta mutu tun kafin a haifi 'ya'yana. Bayansa aka yi "Mai gadin ƙofa ya yi jika, kamarsu ɗaya har kunne", aka yi "An samo hoton da Manaja ke barci a kan aiki". Wannan na ƙarshen, Manajan da kansa ya rubuto daga inda yake ya ce tunani yake yi.

Kada ka ɗauka wasa kawai ta iya. Tana da ƙa'idoji, kuma ba ta sassautawa. Ba ta sa manyan baƙaƙe, ta ce ihu ne, kuma wanda ya saba yi wa mutane ihu ranar da yake da magana ba mai juyowa. Ba ta son take mai tsawo, don waya takan yanke wutsiyarsa, saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi take sawa a gaba. Ba ta rubuta "wasiƙar wannan mako", ta ce ai kowa ya san wannan makon ne. Babbar ƙa'idarta kuwa, ba ta alkawarin abin da ba ya ciki. Na sha kawo mata take mai daɗi ta tambaye ni, "Yana ciki?" In na ce kusan haka, ta ce, "To kusan buɗewa za su yi mako mai zuwa." Matattu ma ba ta ɓoye su ba. Makon da aka yi rashi takan faɗa a fili cikin taushin murya, makon da ba a yi ba kuwa tsoho ya san zai iya buɗewa da kwanciyar hankali.

Gwaggo, ke ce kika mayar mana da Laraba ranar da ake jira. Ke ce kika gane cewa tsohon da ke zaune shi kaɗai a ɗakin ɗansa, a garin da ba wanda ya san ya taɓa zama gwanin saƙa, ba labari kawai yake nema ba, so yake a kira shi. Mai kira a amsa, kin kira sun amsa.

Sai mutum ɗaya, kuma a gidanmu yake.

Babana shi ne Sifana, makanikin layi na biyar na injinan saƙa. Amininsa tun suna samari shi ne Baba Dogo, shugaban layi na uku. A kan keken Baba Dogo aka kai ni makaranta ranar farko. Ranar da za a rufe masaƙa, ma'aikata suka haɗa baki cewa ba wanda zai kashe injina da hannunsa, in masu kamfani na so su zo su kashe da kansu. Sai ga Baba Dogo ya taka ya je ya sauke babban makunni, zauren ya yi tsit. Tun daga ranar Babana bai sake yi masa magana ba. Ya hana a ambaci sunansa a gidanmu, ya ce shi da duk wani abu na masaƙa sun raba hanya. Ni da nake buga wasiƙar, ubana ba ya karanta ta. Duk Laraba ina ganinsa a barandar gida, ya sa tabarau, ya karanta taken leɓɓansa na motsi, sannan ya share da babban yatsa.

Na taɓa kai ƙararsa wurin Gwaggo. Ta tambaye ni, "Yana karanta taken kafin ya goge?" Na ce kullum. Ta ce, "To yana karanta mu. Kowa na karanta take, har mai gogewa. Ubanki ba ƙin wasiƙa yake ba, suna ɗaya yake dubawa. In ya ga babu shi cikin matattu, sai ya goge ya ci gaba da fushinsa hankali kwance."

Sai ga shi Baba Dogo ya kwanta ciwo, likitoci suka gaya wa iyalinsa su shirya. Ba abin da yake tambaya sai Sifana. Babban ɗansa ya zo har gida, Babana na jin muryarsa ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Ni ma na gwada, ina cewa "Baba, Baba Dogo fa..." sai ya ƙure ƙarar rediyo. Na san halin ubana. In aminin nan ya tafi ba su gana ba, abin zai ci shi har ƙarshen ransa, kuma ba zai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ɗan Baba Dogo ya hau ofishinmu idonsa jawur. Ya ce a rubuta da manyan baƙaƙe cewa gaggawa, mahaifinsa rai a hannun Allah. Gwaggo ta zuba masa shayi, ta ce, "Ɗana, in na rubuta haka kowa zai buɗe ya yi kuka, mutum ɗayan da ubanka ke jira kuwa zai goge ya kulle kansa a ɗaki. Tsoro ne ya hana shi tun farko, ba zan ƙara masa ba. Tashi ka kai ni wurin ubanka."

Tare muka je asibitin. Baba Dogo ya rame har ƙafafunsa kaɗai suka rage na sunansa, sun zarce gadon. Gwaggo ta ja kujera ta ce, "Dogo, ba dubiya na zo ba, aiki na zo. Me za ka faɗa wa Sifana da zai hana shi zama?"

Ya ce, "Ki ce ya yafe mini."

"Wannan kai za ka faɗa masa da bakinka. Ni abin da zai kawo shi nake nema."

Ya kalli silin. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "To ki ce masa layi na uku ya fi na biyar. Injinansu kullum a tsaye, mu ne muke cike musu aiki. Ban san me makanikinsu yake yi ba."

Gwaggo ta tafa hannu har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ta ce, "Kin ji da kunnenki, 'yar Sifana. Ki rubuta shi a ciki yadda ya faɗa, ki sa ɗakin da yake kwance, ki kuma faɗi abin da likita ya ce, kada ki rage komai."

Taken makon ya fita kamar haka: "Dogo yana nan da ransa, ya ce layi na uku ya fi na biyar." Ta sa maganar ransa a gaba, don ko waya ta yanke sauran, wannan ya isa wurin wanda ake nufi.

Ina tsaye bakin ƙofar ɗakin girki lokacin da wayar Babana ta yi ƙara. Ya sa tabarau. Leɓɓansa suka motsa, suka tsaya, suka sake motsawa. Yatsan ya zo inda ya saba sharewa, ya tsaya a sama. Sai na ji ya ce, "Ji maƙaryaci." Ya danna. Ya daɗe yana karantawa, ya fi tsawon abin da na rubuta. Da ya gama ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce, "Ina hulata?"

"Ina za ka, Baba?"

"Zan je in gyara masa magana. Mutum yana kwance ma ba zai daina ƙarya ba. Layi na uku! Su da ko zare ba su iya ɗaurawa ba."

Ni na tuƙa shi. A hanya sai goge ido yake yana cewa iskar taga ce. Da muka shiga ɗakin bai yi sallama ba, ya tsaya a ƙafar gado ya ce, "Wane ne kullum a tsaye?" Baba Dogo ya ce, "Ku mana." Suka kaure da musu, wannan ya kawo shekarar da layi na biyar ya ci kyautar tsafta, wancan ya ce ai don ba sa aiki ne shi ya sa ba sa datti. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce a rage murya, suka haɗu suka ce mata ta bar su. Sai da suka gaji, Babana ya zauna a bakin gadon, Baba Dogo ya kamo hannunsa ya ce, "Ni na kashe injinan don kada baƙo ya taɓa su. Da fizge wayoyin za su yi." Babana ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani. Tun ranar na sani." Nan na fita na bar su, don ni ma iskar tagar ta same ni.

Baba Dogo ya ƙara 'yan makonni, kuma kullum Babana yana gefensa, yana ba shi ruwa a cokali suna ci gaba da musunsu. Allah ya jiƙansa, a hannun amininsa ya cika.

Larabar da ta biyo baya muna ofis, Gwaggo ta tsaya gaban taga ta kasa samo take, abin da ban taɓa gani ba. Sai muka ji takun mutum a matakala, a hankali, yana hutawa. Babana ne, karo na farko da ya taka ofishin ƙungiya. Ya ce, "Murya, kin rubuta?" Ta ce ba ta rubuta ba. Ya ce, "To rubuta. Dogo ya tafi. Layi na uku ya fi." Ta dube shi ta ce, "Sifana, ka san ba na sa abin da ba ya ciki." Ya ja kujerata ya zauna, ya ce mini, "Buga, zan faɗa." Ranar ubana ya yi wa amininsa shaidar da ban taɓa jin ya yi wa ɗan Adam ba, kuma ba a taɓa buɗe wasiƙarmu kamar makon nan ba.

Yanzu idon Gwaggo ya yi rauni, gwiwoyinta kuma sun ƙi matakalarmu. Larabar da ta wuce ta kwashe filas ɗinta ta ce ta ajiye aiki, ta bar mini tagar. Na tsaya a gabanta na gwada faɗin take da ƙarfi, masu gyaran waya suka leƙo suka ce, "Anti, a ƙara ƙoƙari." Ba su yi ƙarya ba.

Gwaggo Murya, mun gode. Ba a taɓa sa sunanki a ƙasan wasiƙar ba, ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, yawancin masu buɗewa ba su ma san akwai mai tsayawa gaban taga dominsu ba. Ke ce kika riƙe jama'ar da ginin da ya haɗa su ya rushe. Ke ce kika kai ubana bakin gadon da ni 'yarsa na kasa kai shi. Allah ya ƙara miki lafiya, ya haskaka miki ido, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu aika wa jama'a saƙo, na makaranta ne ko na shago ko na ƙungiya, ku yi koyi da ita. Kafin ku rubuta layin saman nan, ku tuna da mutum ɗaya da zai gan shi, ku san abin da yake tsoro da abin da zai sa shi murmushi. Kada ku yi masa ihu, kada ku yi masa alkawarin abin da ba ku sa a ciki ba. In ba ku sami jimlar gaskiya da za ta ɗago kansa ba, ku tashi ku je ku nemo ta.

Da na gaya wa Babana ta ajiye aiki, ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Ki ji ni da kyau. Ranar da nawa ya zo, kada ki taɓa taken. Ki ɗauki mota ki je gidanta, ita za ta rubuta." Na kai mata saƙon jiya. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce, "Ki ce masa na karɓa. Amma kada ya yi gaggawa, har yanzu ban sami jimlar da ta ishe shi ba."